Romel na fim da Romel na tarihi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Janar Romel, kwamandan sojan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, mutumin kirki ne kamar yadda fina-finai ke nuna shi. Ni dai ban gamsu ba.

Wannan suna mai kyau yana da asali. A 1950 Desmond Young, hafsan sojan Birtaniya da aka taɓa kamawa a Arewacin Afirka, inda Romel ya jagoranci sojojin Jamus, ya rubuta tarihinsa cike da yabo, aka mai da shi fim a 1951. Lokacin kuwa ƙasashen Yamma na neman sake ba Jamus ta Yamma makamai saboda Tarayyar Sobiyet, don haka suna bukatar sojan Jamus da za a nuna hannunsa babu jini.

Jarumtarsa a fagen daga gaskiya ce, kuma an tilasta masa shan guba a Oktoban 1944 bayan yunƙurin kashe Hitila, wanda aka zarge shi da hannu a ciki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsallake 1939, lokacin da shi ne kwamandan dakarun da ke tsaron Hitila. Kusancin nan ya taimaka masa samun rundunar tankoki a 1940, Gobels, ministan yaɗa manufofin Hitila, kuma ya yi ta kambama shi a farfaganda.