Gudu kaɗai zai kai yaro MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru a Amurka?

Malam, ka ce ɗanka yana buga besbol a wata jami'a a Amurka, yana cinye yadi 60 cikin daƙiƙa 6.9, kana tambaya ko wannan ya isa masu farautar 'yan wasa su waiwaye shi.

6.9 ba laifi, amma tsaka-tsaki ne. Ma'auninsu daga maki 20 ne zuwa 80, kuma yaronka yana wajajen 50. Idan a tsakiyar fili yake tsaro, sai ya sauko ƙasa da 6.7 kafin a ce masa mai gudu. In kuwa shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, ba wanda zai dame shi da wannan.

Ni abin da na fi dubawa shi ne gudu daga wurin bugu zuwa zangon farko, wato inda mai bugu ke fara rugawa ya taka bayan ya buga ƙwallo, nisan ƙafa 90. Mai bugu na-dama kan yi daƙiƙa 4.3, bahago 4.2, don shi ya fi kusa da zangon. A nan ake ganin mai nauyin tashi: ya buga ƙwallo, ya tsaya kallonta, sannan ya zabura.

Wa ya auna 6.9 ɗin? In da agogon hannu ne, rage murna, yatsa kan yi wa yaro rangwame. A sake da na'ura.

Kada kuma ya bar atisayen bugu saboda gudu. Wanda bai iya bugu ba, da wuya ya taka zangon farko balle ya saci na biyu, wato ya ruga zango na biyu ba tare da an buga ƙwallo ba. In tsokar bayan cinya ta fara ɗaurewa, ya dakata, ya ga likitan ƙungiyarsu kafin ya ƙara tsere.