Tsokata Tana Rawa da Kanta, Ko Mugun Ciwo Ne?

Tambaya: Likita, kwanan nan sharaɓata da fatar idona suna motsi da kansu, musamman idan na kwanta. Na karanta a intanet cewa alamar cutar ALS ce, wato cutar da ke lalata jijiyoyin da ke sarrafa motsin tsoka, har barci ya ƙaurace mini. Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin rawar tsoka ita kaɗai, ba tare da rauni ba, galibi ba ta da haɗari. Gajiya, ƙarancin barci, yawan goro da shayi mai kauri, ko raguwar gishirin jiki bayan gumi a zafin bazara duk suna jawo ta, kuma fargabar da kike ciki tana ƙara rura ta.

ALS ba ta da yawa, kuma babbar alamarta rauni ne mai ƙaruwa: kofi yana suɓucewa daga hannu, ƙafa tana ja har silifa ta fita, tsoka tana ramewa, ko magana da haɗiya su yi nauyi. Idan kin ga ɗaya daga cikinsu, ko damuwar ta ci gaba, ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a duba ƙarfin gaɓoɓinki, a gwada jininki da aikin ƙwayar thyroid da ke wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo.