Ki tafi Obudu, amma ki fara biyawa ta ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum 'yata.

Saƙonki ya same ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu kafin na ɗauki alƙalami. Kin ce watan gobe aurenku zai cika shekara 10, maigidanki ya ɗan tara wani abu yana so ya kai ki tsaunin Obudu ku yi kwana uku ku biyu kaɗai, ba yara. Kin ce ranki yana so amma zuciyarki ta ƙi kwanciya, don wata ƙawarki ta ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, kuma da maganar ta kai kunnen surukarki Hajiya shiru ta yi ta kau da kai. Kika tambaye ni ko al'adarmu ta yarda uwa ta bar 'ya'yanta ta bi miji shan iska. A can ƙasan saƙon kika ƙara da cewa wajen mamanki za ki kai su.

Ki tafi, 'yata. Da zuciya ɗaya nake gaya miki. Sai dai wannan magana ta ƙarshe da kika jefo kamar ba komai ba, a nan gizo yake saƙar, kuma zan dawo kanta.

Gaskiyar ƙawarki ɗaya ce: ƙirga ranar aure ba namu ba ne. Mu da abin da ya faru muke tuna shekara. Ni idan aka tambaye ni, cewa nake an ɗaura mini aure shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. Ƙanwata kuma takan ce shekarar da aka kashe Murtala. Ranar da watan duk sun ɓace mana, ba mu kuma ji mun yi asarar komai ba. Malamai ma sun rabu a kan murnar zagayowar ranar aure. Wasu sun ce Musulmi idi biyu gare shi, ƙarin wata rana da ake maimaitawa duk shekara koyi ne da wasu. Wasu sun ce al'ada ce ba ibada ba, muddin ba a haɗa ta da saɓon Allah ba babu laifi. Abin da zan ce miki a nan shi ne kada ku mai da ranar farilla, kada ku tara jama'a da kiɗa da almubazzaranci. Ku gode wa Allah da ya kawo ku shekara goma ƙarƙashin rufi ɗaya, don akwai waɗanda aka ɗaura musu aure rana ɗaya da ku da yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ita kuwa tafiyar miji da matarsa, ba daga Turai ta zo mana ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, wadda ta faɗa wa ita zai tafi da ita. A kan hanyar tafiya ne ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, yana dariya yana cewa wannan ramuwar waccan ce. Kakanninmu kuma da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka da matansu, wasu suka yi shekaru a hanya, wasu suka zauna can har yau jikokinsu suna nan.

Batun barin yara kuwa, a nan ne nake jin 'yan zamani sun fi mu tsanantawa kansu. A gidan Bahaushe yaushe ɗa ya taɓa zama na uwarsa ita kaɗai? Ɗan fari ko sunansa uwa ba ta kira, a gaban mutane ba ta nuna ta damu da shi, sau da yawa ma a hannun kaka yake tashi. Lokacin yaye ɗauke yaro ake yi a kai shi gidan kaka ya kwana biyu yana shan kunu har ya manta da nono. Ga riƙo: gwaggo ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta tun tana ƙarama ta riƙe har ta kai ta ɗakin miji. Ke kanki kin yi shekara biyu a hannuna lokacin da aka yi wa babanki canjin wurin aiki, ba wanda ya ce mamanki ta yi sakaci. Da autarki tana kan nono da na ce ki haƙura, don shayarwa haƙƙinta ne, Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika ta. Amma an yaye ta tun bara. Kwana uku a ɗakin kaka ba zai rage ta da komai ba.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki ba. A 1983 cutar bushiya ta shiga shanu ta yi ɓarna a Arewa, aikin allurar dabbobi ya kai maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, Gembu a kan tsaunin Mambila. Lokacin Jihar Gongola ce, sai a 1991 aka fitar da Taraba. Ya yi watanni can. Da hutun makaranta ya zo sai ya dawo gida ya ce yana so ya tafi da ni in ga inda yake zaune. Yaranmu uku a lokacin, kamar naki. Ni ko kallonsa ban iya yi ba don nauyin maganar, domin a gidan gandu muke, ɗakina yana kallon na mahaifiyarsa.

Bayan sallar isha'i ya shiga ɗakin Inna da kansa. Ina tsakar gida ina kwashe tuwo, kunnena yana wajensu. Ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Inna, can babu mai dafa mini, sanyi kuma ya yi yawa ga yara. Ina neman izini ta bi ni na 'yan kwanaki, su kuma ke ce uwarsu." Tsohuwa ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai na ji ta ce, "To da wa za ka bar wa in ba ni ba?" Washegari ita ta soya mini dambun nama na guzuri.

Muka bi ta Jalingo, Bali, Serti, har Mayo Selbe inda hawan yake farawa. Landiroba tana nishi tana zagaya dutse, ta gefena kwazazzabo ne da ba na ganin ƙarshensa, na riƙe ƙarfen ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani. Da muka hau sama sai ƙasar ta buɗe, tuddai suna bin juna ba iyaka, jajayen shanun Fulani masu dogon ƙaho suna kiwo, ga gonar shayi ta Kakara shimfiɗe kamar darduma. Amma ba wannan nake so ki ji ba. Asubar farko na farka na tarar Malam ya riga ni tashi, ya hura gawayi, ya ɗora ruwan alwala, yana dafa shayi. Ya zuba a kofin silba ya miƙo mini da hannu biyu. Muka zauna a bakin ƙofa cikin bargo, hazo ya cika kwarin da ke ƙasanmu har ba a ganin bishiyoyin turare sai kawunansu. Da rana muka ci abinci a kwano ɗaya. 'Yata, shekara goma ina aurensa, ranar ce ta farko da hannuna da nasa suka haɗu a kwano, don a gida shi zaure ake kai wa nasa ya ci da 'yan'uwansa maza. A cikin kwanakin nan ya ba ni labarin rasuwar mahaifinsa da yadda ya bar karatu na shekara guda ya riƙe gona, har muryarsa ta karye. Na haifa masa 'ya'ya uku ban san wannan ba. Duk wani saɓani da muka yi a shekarun da suka biyo baya, kuma mun yi, idan raina ya ɓaci nakan tuna mutumin da ya miƙo mini kofin nan, sai in ji na sauko.

Ku yanzu ba a gidan gandu kuke ba, amma abin da ya raba mu shi ya raba ku da wata fuska: shi kasuwa tun safe, ke makaranta da girki da aikin gidan yara, in dare ya yi kowa ya kama wayarsa. Shi ya sa na ce ki tafi.

Yanzu sai maganar Hajiya. Kin lura da yadda labarin ya isa gare ta? A bakin wani ta ji. Shirun nan da ta yi ba ƙin tafiyar ba ne, ciwon an tsallake ta ne. Idan kuma kika kwashi jikokinta kika wuce ta ƙofarta kika kai su gidanku, kin ƙara mata wani a kan wani. A al'adarmu 'ya'ya na dangin uba ne, kakar wajen uba ita ake fara yi wa tayi. Na san wajen mamanki ya fi miki sauƙi, ba kya jin nauyin ce mata ga abin da wane yake ci ga abin da ba ya ci. Mamanki ba za ta ji haushi ba, ita ma surukar wasu ce, ta san ƙa'idar. Maigidanki ya je da ƙafarsa, ba ta waya ba, ya zauna ƙasa ya nemi izini da addu'a. Ba sai ya ambaci cikar shekara goma ba, don kalmar za ta yi mata baƙunta, ya ce yana so ya kai ki ki huta ki ga gari. Ke kuma ki bi bayansa washegari ki gaishe ta ki ce, "Hajiya, ga mijinki da kishiyoyinki nan zan kawo miki." Da wasan kaka da jika ake buɗe irin wannan ƙofar. Idan ta ce ƙafa ta matsa mata ba za ta iya da su ba, to ita da bakinta za ta ce a kai su wajen mamanki, kin ga kin fita. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne a bar su a gida da 'yar aiki ita kaɗai, yarinyar da ita ma riƙo take buƙata.

Ranar kai su kada ki je hannu rabbana. Ki haɗa shinkafa da mai da sukari da sabulu, shi kuma ya ajiye kuɗin cefane a hannunta ba tare da ya kira shi kuɗin yara ba. Ki kai gidan sauronsu da kayan Islamiyya, kada karatu ya tsaya. In kun isa ku kira ta ita da farko. Bayan nan sau ɗaya a yini ya isa, kiran da ya wuce haka cewa yake ba ki yarda da riƙonta ba.

Obudu kuwa yayanki da ya yi bautar ƙasa a Kuros Riba ya sha ba ni labarinsa. Yana ƙaramar hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru, tudun ya haura mita 1,500. Turawa ne suka fara kafa shi a 1951 a matsayin wurin kiwon shanu, don sanyin wurin da rashin ƙudan tsando, daga baya ya koma wurin shaƙatawa. A zamanin Gwamna Donald Duke aka sa motar igiya mai ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama. Ku tambaya kafin ku tashi ko tana aiki, in ba haka ba hanyar mota ce mai kwana 22 a cikin kilomita 11, sai direban da ya san ta. Daga gida za ku bi ta Lafiya da Makurɗi da Gboko. Hanya ce mai nisa, ku raba ta biyu ku kwana a Makurɗi, kada ku yarda dare ya same ku a kanta. Ki ɗauki rigar sanyi da safa, sanyin dutse ba irin na hunturunmu ba ne, da danshi yake zuwa. Ki yi guzurin kilishi da dambu da garin kunu, don yankin ba na Musulmi ba ne galibi, nama sai kun tabbatar da yankansa. Kuna da ƙasaru, tunda a mazhabarmu sai wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ne yake cika salla.

Sai hoto. Wannan ne kaɗai wurin da zan ɗaure miki fuska. Ku ɗauka ku ajiye wa kanku da 'ya'yanku, amma kada in ga kin dafa kafaɗarsa a WhatsApp ko Facebook duniya tana kallo. Kunya tana nan ko an hau dutse. Cikin masu kallon akwai wadda aurenta ya mutu, akwai wadda ba ta samu ba, akwai mai baki, ga kuma wanda kika sanar da shi cewa gidanku ba kowa. Hajiya ma za a kai mata wayar a nuna mata, duk abin da kuka gyara ya warware.

In za ku dawo, ana sayar da zuma mai kyau a wajen. Galan na farko na Hajiya ne, a ɗakinta za ku fara sauka da kayanku kafin ku wuce gida, sannan na mamanki. Kada ki ji komai idan autar ta maƙale a bayan kakarta ta ƙi zuwa wajenki, tawa ma haka ta yi mini da na sauko daga Gembu, sai da aka yi magariba ta yarda na ɗauke ta.

Idan kin tashi da asuba a can kin ga hazo ya kwanta a ƙasanku, ki yi wa Malam Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ki gaishe mini da maigidan, ki ce wa Abba matarsa tana nan tana jiran kuɗin cefane. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Gwaggonki.