Da ido da littafi ma ana bibiyar taurari masu kumbura da motsewa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutum zai iya nazarin taurarin da haskensu ke hawa yana sauka alhali ba shi da na'urar hangen nesa. Ƙwarai kuwa. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ina yi da ido da littafin rubutu kafin na mallaki ko ƙaramin madubin hangen nesa na hannu.

Da farko ka cire ƙyaftawar nan da taurari ke yi daga lissafinka, wannan aikin iskar duniyarmu ce. Waɗanda muke magana a kansu jikinsu ne ke kumbura yana motsewa. A cikinsu akwai wata shimfiɗa ta iskar heliyam. Idan ta matsu ta yi zafi sai ta toshe wa haske hanya, zafin ya taru ya tunkuɗa saman tauraron waje. Da ya buɗe ya huce, haske ya samu mafita, sai nauyinsa ya sake jawo shi ciki. Kamar murfin tukunya mai tafasa, ya ɗaga tururi ya fita, ya koma ya zauna. Kada ka haɗa su da irin su tauraron Algol, shi abokin zagayensa ne ke gittawa ta gabansa.

Ka fara da tauraron Delta Cephei, a sashen arewa na sama. John Goodricke ya gano canjinsa a 1784. Duk kwana 5.37 yake kammala zagaye, daga magnitud (ma'aunin hasken tauraro) 3.5 zuwa 4.4, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai haske. Daɗin abin, yana da maƙwabta biyu da suka yi ɗan kusurwa uku da shi: Zeta mai kimanin 3.4 da Epsilon mai kimanin 4.2. Ka ba idonka minti ashirin ya saba da duhu, ka dubi Zeta, ka dubi Epsilon, ka dawo kan Delta ka tambayi kanka wa ya fi kama. In yana tsakiyarsu daidai, rubuta 3.8, da kwanan wata da lokaci. Shi ke nan aikin daren.

Ga inda na yi tuntuɓe. A watan farko nakan lissafa ranar da ya kamata ya yi haske tun kafin in fita, kuma abin mamaki kullum abin da na lissafa shi nake gani. Ashe ba ido ke gani ba, zuciya ce. Ranar da na gane haka kuskure na yi a lissafin da kwana biyu, amma na “gan” shi fes yana haske a daren da ya kamata ya dusashe. Na soke shafi huɗu na sake lale. Tun daga nan ba na buɗe shafin jiya sai na rubuta na yau.

Kada gajimare ya karya maka gwiwa, giɓi ba ya ɓata aikin. In ka tara kamar darare arba'in, ƙirga kwanakin da ke tsakanin kowane dare da darenka na farko, ka raba da 5.37, ka riƙe ragowar kaɗai. Jera ragowar a kwance, haske a tsaye. Ɗige-ɗigen da suke warwatse sai ka ga sun haɗu sun yi tudu: hawa da sauri cikin kamar kwana ɗaya da rabi, gangara a hankali kusan kwana huɗu. Daren da na fara ganin wannan siffa a takardata na daɗe ina kallonta.

Kuma ba wasan yara ba ne. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna, da taurari 25 irin wannan a Ƙaramin Gajimaren Magellan (wani ƙaramin tarin taurari da ke maƙwabtaka da namu), cewa wanda zagayensa ya fi tsawo ya fi haske na ainihi. San zagaye ka san haskensa, kwatanta da yadda ya iso idonka ka san nisansa. Da wannan Edwin Hubble ya yi amfani bayan ya tsinci guda a tarin taurarin Andromeda a 1923, ya tabbatar tana can wajen tarin taurarinmu.

In hannunka ya faɗa, koma kan Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596. Zagayensa kimanin kwana 332 ne, sau ɗaya a mako ya wadatar. Ja ne, kuma jan tauraro in ka ƙura masa ido sai ya riƙa ƙara haske a ganinka, don haka kallo ɗaya ka kau da kai. Yakan dusashe har ya ɓace wa ido na watanni, a nan ne za ka nemi madubi. Taswirar taurarin kwatance kuwa ƙungiyar AAVSO ta masu lura da taurari masu canza haske, wadda aka kafa a 1911, tana bayarwa kyauta a intanet, kuma tana karɓar ƙiyasin ido daga masu sha'awa irinmu.