Amsa: Tsoro ne ya sa Denmark ta miƙa wuya cikin 'yan sa'o'i?

Malam, ka tambaya ko ragwanci ne ya sa Denmark ta sallama wa Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da wani faɗa na kirki ba. Ni ban ga ragwanci a ciki ba.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsun da soja zai fake, sojojinta kuma kaɗan ne. Ta ce ba ruwanta da yaƙin, har ta sa hannu kan yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da Hitler a 1939. Duk da haka da asubahin 9 ga Afrilu 1940 Jamusawa suka shigo, jiragensu na shawagi a kan Kopenhagen, babban birnin ƙasar, suna barazanar ruwan bama-bamai. Filin jirgin Aalborg da ke arewacin ƙasar suke so don su isa Norway. Kafin hantsi Sarki Christian X da gwamnatinsa sun amince su miƙa wuya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi jawo muhawara. An bar wa mutanen Denmark sarki da majalisa, su kuma suna ciyar da Jamus da nama da man shanu, abin da wasu 'yan ƙasar ke jin kunyarsa har yau. Yajin aiki da zagon ƙasa suka wargaza wannan zaman a Agustan 1943. A Oktoban shekarar masunta suka tsallakar da Yahudawa sama da 7,000 zuwa Sweden don kada Jamusawa su kama su. Mamayar ta ƙare ranar 5 ga Mayu 1945.