Tambaya da Amsa: Takardun Gonakin Kakanmu da Taswirar Kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Safiyo. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakar kakanmu, muka tarar da takardun gonaki da na gida guda tara. Wasu da ajami aka rubuta su, wasu da boko, ɗaya kuma tana da zanen safiyo da lambobi. Na ɗan iya manhajar QGIS ta zana taswira a kwamfuta, ina so in ɗora su a taswira kafin a zo rabon gado. Me da me ya kamata in kwashe daga cikin takardun? Daga ɗanka, wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai.

Kafin ka kunna kwamfuta, ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, don sau da yawa a bayan ne ake samun hatimin alƙali ko dangwalen shaidu. Ka ba kowacce lamba, 1 zuwa 9, lambar ta bi ta har cikin jadawalin da ke maƙale da taswirar.

A jadawalin nan, abin da takarda ta faɗa shi za ka kwafe, harafi da harafi. Fahimtarka kuma ka buɗe mata gurbi dabam a gefe. In takarda ta ce shekara ta 1370, rubuta 1370 ɗin, sannan a gurbi na gaba ka sa 1950 zuwa 1951, domin shekarar Hijira takan ratsa shekaru biyu na miladiyya. In ta ce fam goma da sule biyar, kada ka mai da su naira. Naira ba ta zo ba sai 1973, kuma irin kuɗin da aka ambata yakan taimaka wajen gane zamanin takardar da ba ta da kwanan wata. Ka rubuta mai sayarwa da mai saye da sunayen iyayensu, da shaidu, da dagaci ko mai unguwar da aka yi a gabansa. Ka kula sosai da irin cinikin: sayarwa ce, ko kyauta, ko aro, ko jingina? Na sha ganin zumunci ya lalace saboda jikoki sun ɗauki gonar jingina a matsayin saye.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne iyakoki. Tsofaffin takardunmu ba su san lamba ba. Cewa suke yi: gabas gonar wane, yamma burtali, kudu rafi, arewa kukar da ke bakin hanya. Matasa sukan tsallake sunayen maƙwabtan nan, alhali su ne ƙashin bayan aikin. Ka ba kowace kusurwa gurbinta. Za ka ga mutumin da yake gabas a takarda ta 3 shi ne yake yamma a takarda ta 7, nan take ka gane gonakin biyu sun sa tasa a tsakiya. Burtali da rafi da tsohuwar rijiya sun fi daɗewa, kana iya hango su a hoton tauraron ɗan'adam. Kuka kuwa tana iya faɗuwa, amma tsofaffin unguwa ba sa manta inda ta tsaya. Ka je da ƙafarka, ka ɗauki dattijo ɗaya ko biyu, ka rubuta wanda ya nuna maka wurin da ranar da ya nuna.

Gonar da ba ka tabbatar da iyakarta ba, ɗigo ɗaya ya ishe ta, da bayanin cewa ƙiyasi ne. Layi mai kyau a fuskar kwamfuta yana sa mutane su gaskata abin da kai kanka zato ka yi.

Ita kuma mai zanen safiyo, duba ko da ƙafa aka auna. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, eka ɗaya kuma murabba'in mita 4,047. Kwashe lambobin turakun simintin da aka kafa a kusurwoyi. Sannan tsofaffin awon Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, wato tushen da ake lissafa lambobin wuri daga gare shi, wayarka kuwa da ma'aunin duniya na WGS 84 take aiki. In ba ka gaya wa QGIS wanne ne ba, filin zai goce da kimanin mita 80, ya faɗa cikin na maƙwabci. A kan ma'aunin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, Zariya tana shiyya ta 32.

Taswirarka za ta taimaki alƙali da magada su gane wace gona ce wacce, amma ba ta zama shaidar mallaka ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye. In an gama rabo, kowa ya nemi safiyo mai lasisi ya auna masa kasonsa, ya kai can. Ainihin takardun kuma kada ka manne su da leda mai zafi, tawadar ajami ba ta jure hakan. Sa kowacce tsakanin farar takarda biyu, ka ajiye inda damshi da gara ba sa kaiwa.