Tsohuwar Martini-Henry: a sake mata bututu ko a bar ta da nata?

TAMBAYA: Malam, na gaji wata tsohuwar bindiga mai cin harsashi ɗaya daga mahaifina. Tana da wani ƙarfe a ƙasa, in ka danna shi sai mashigar harsashi ta buɗe. A gefenta akwai hoton kambi, da haruffan V.R., da kalmar Enfield, da 1876. Na haska tocila cikin bututun, na ga tsatsa da wasu ramuka. Abokina ya ce in sa a cire shi a ɗaura sabo mai cin harsashin zamani. Ya ka gani?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗan'uwa. Yadda ka kwatanta ta, Martini-Henry ce, wadda sojojin Birtaniya suka ɗauka a 1871, irin wadda suka shiga yaƙin Zulu da ita a 1879. Sunan mutum biyu take ɗauke da shi: Friedrich von Martini, wanda ya gyara makullin bayanta, da Alexander Henry na Edinbara, mai tsagogin nan bakwai da ke murɗawa a cikin bututun. V.R. ɗin kuma Sarauniya Biktoriya ce.

Kafin komai, a tabbatar ta gaskiya ce. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna ƙera irinta da hannu, har da kwaikwayon hatimin. Ana gane wasu da harafin N na kalmar Enfield a juye, ko V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniyar ta rasu. Irin waɗannan ado ne kawai, kada a harba su.

To, batun bututu. Ni dai ba na son a yi gaggawar cire shi. Wata irinta ta taɓa zuwa hannuna, cikinta baƙi ƙirin, na ɗauka ta gama aiki. Mako guda na yi ina jiƙa ta da mai, kullum da yamma in zura burushin tagulla in bi da farin ƙyalle. Ranar farko ƙyallen ya fito kamar an shafi gindin tukunya. A rana ta shida sai ga tsagogin Henry sun bayyana sarai. Yawancin abin da na zata rami ne, ashe dattin baƙin albarushi ne da ya daskare. Wannan dattin yana jan danshi, shi ke haifar da tsatsar. Ka gwada haka tukuna, bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki.

Idan ramukan na gaske ne, maƙerin bindiga mai lasisi ne zai yanke hukunci. Yana iya zura sabon siririn bututu a cikin tsohon, waje ya zauna da hatiminsa, ko ya kwance tsohon ya ɗaura sabo. Na farkon na fi so. In kuwa na biyun ya zama dole, ka shafe tsohon da mai ka adana, domin hatimin da ke jikinsa, mai nuna an gwada ƙarfinsa, ba ya dawowa, kuma darajarta a wurin masu tara kayan tarihi tana faɗuwa in babu shi.

Shawarar abokinka ce ke tayar min da hankali. An yi wannan bindiga don harsashin .577/450 (lambar girmansa ke nan) mai baƙin albarushi, wanda ƙarfinsa bai kai na albarushin zamani ba. Gaskiya ne Birtaniya ta mayar da wasu zuwa masu cin harsashin .303, amma a masana'antun makamai aka yi, kowace kuma sai da aka gwada ta. Ƙarfen taka ya kai kimanin shekara 150, kuma fuskarka ce ke bayan makullin. Akwai kuma doka: a Birtaniya ana iya ajiye mai .577/450 a matsayin kayan tarihi ba tare da lasisi ba, amma da an sauya mata harsashi ta fita daga wannan rangwame. Ka tambayi hukumar ƙasarka kafin a taɓa ta.

Ƙotar kuma, don Allah kada samfefa ta kusance ta, za ta cinye tambarin da aka buga a katakon. Ƙyalle mai laushi da ɗan man linsid (man da ake shafa wa katako) sun ishe ta.